Seiko, Rado, Omega ko Rolex: Wane Tsohon Agogo Ya Dace da Kuɗinka?

Mai shirin fara tara tsofaffin agogunan hannu yakan zo da buri biyu. Yana son abin da zai ɗaura ya ji daɗinsa, yana kuma son duk ranar da ya nemi kuɗinsa su dawo, in da hali har da ɗan ƙari. Ba kasafai agogo ɗaya yake biyan buƙatun nan biyu ba, shi ya sa gara a auna tun kafin a fitar da kuɗi. Tsohon agogo a nan shi ne mai inji, wanda ake yi wa wani, wato a murɗa shi don ya yi aiki, ko yake yi wa kansa da motsin hannu, ƙirar 1950 zuwa tsakiyar shekarun 1980. A Disambar 1969 Seiko ya fitar da Astron, agogon hannu mai batir na farko irin na kwaz da ya shiga kasuwa, kuma cikin shekara goma sha biyar ɗaruruwan masana'antun Suwizalan suka rufe. Abin da aka ƙera kafin guguwar nan da lokacin da take kaɗawa shi ne yawancin abin da masu tarawa ke nema.

Ma'aunan da za a bi

Na farko, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne asali. Darajar tsohon agogo tana fuskarsa. Fuskar da ta tsufa da fentinta na masana'anta, ko da ta ɗan dafe, ta fi wadda aka sake wa fenti tana ƙyalli, kuma sake fenti kan zubar da rabin kuɗin agogo ko fiye. Haka jikinsa: in mai gyara ya gurje shi da injin gogewa don ya yi haske, kusurwoyinsa sun tafi, kuma ƙarfen da aka ci ba ya dawowa. Saura hannaye, kan wani (ɗan maɓallin gefe da ake murɗawa) da sarƙa, kowanne sai ya zama na ƙirar da kuma shekarar.

Na biyu kuɗin saye haɗe da kuɗin riƙo. Inji yana buƙatar a warware shi, a wanke, a sa sabon mai duk bayan shekara biyar zuwa bakwai. Duk tsohon agogon da mai sayarwa bai nuna takardar gyara ba, ka ɗauka yana buƙatar wanki, ka sa kuɗin cikin lissafi.

Na uku kayan gyara da mai gyaran. Na huɗu juriya. Na biyar saurin samun mai saye. Na shida yawan jabu da haɗe-haɗe, wato agogon da aka harhaɗa daga sassan agoguna daban-daban.

A kan juriya akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Robar da ke hana ruwa shiga ta murfin baya da kan wani tana bushewa ta tsattsage, don haka rubutun da ke bayan agogon shekara hamsin cewa ruwa ba ya shigarsa labari ne na da. Mai alwala sau biyar a rana ya saba cire shi tukuna. Zufar bazara tana cin ƙarfe ta ƙarƙashin murfi, ƙurar hunturu kuma in ta samu hanya ta gauraya da man inji sai ta riƙa cin haƙoran. Ka ga hazo a cikin gilashi, a buɗe shi a ranar, domin tsatsa ba ta jira.

Seiko

Nan ne makarantar mai farawa. Seiko 5 ya fito a 1963, an kuma ƙera shi da yawan gaske, har da masu nuna ranakun mako da Larabci waɗanda aka yi wa kasuwar Gabas ta Tsakiya, irin waɗanda alhazai suka riƙa dawowa da su. Injinansa, kamar 6119, 6309 da 7009, ba su da ƙawa amma suna da taurin rai. Mai kyau yakan kama daga dala 50 zuwa 150. Sama da shi akwai 6309-7040 na masu ninƙaya, wanda aka yi daga 1976 zuwa 1988, da 6139 na 1969, ɗaya daga cikin agogunan farko masu maɓallan auna lokaci da ke yi wa kansu wani. Irinsa ɗan sama jannatin Amurka William Pogue ya ɗaura a tashar sararin samaniya ta Skylab a 1973, abin da ya ɗaga kuɗin mai fuska ruwan ɗorawa. Sai King Seiko da Grand Seiko na shekarun 1960 da 1970, waɗanda a iya ƙira ba su bar wa na Suwizalan komai ba, amma kuɗinsu bai kai nasu ba.

Tantance shekararsa da sauƙi. A murfin baya akwai lamba mai kashi biyu, ta farko ta inji, ta biyu ta jiki. A lambar ƙira kuma, wato wadda kowane agogo ke da tasa shi kaɗai, adadi na farko shi ne adadin ƙarshe na shekarar da aka ƙera shi, na biyu wata, inda O, N da D ke nufin Oktoba, Nuwamba da Disamba. Lambar injin da ke murfi dole ta zo daidai da wadda ke kan injin da kuma ƙananan rubutun ƙasan fuska.

Matsalolinsa sanannu ne. A King Seiko masu inji 5625 da 5626 ɗan haƙorin da ke saurin canza kwanan wata na roba ne, yakan tsage. A 6139 ƙafar tsakiya da ke ɗauke da hannun sakan in ta lalace ba a ƙera sabuwa, sai dai a ciro daga wani agogon. Babbar damuwa kuwa ita ce Seiko 5 masu fuskoki kala-kala da suka cika intanet a kan dala 20 ko 30, yawanci daga Indiya: fuskar bugun jiya ce, injin a gajiye, sassan tsince-tsince. Ba su da wata daraja wurin masu tarawa.

Ta fuskar jari, ƙaramin Seiko ba ya biyan kuɗin wankinsa. Wanda ke ɗan riƙe daraja shi ne 6139, na masu ninƙaya da Grand Seiko, in komai nasu na asali ne.

Rado

A ƙasar Hausa sunan Rado ya fi ƙarfinsa a kasuwar duniya, kuma wannan gibin ne yake ruɗin mutane. DiaStar ya fito a 1962 da jiki na wani ƙarfe mai tauri, haɗin tangistan, wanda ba ya ƙarzuwa. Shi ya sa na shekara arba'in yake fitowa kamar sabo. Amma taurin nan yana da kuɗinsa: in ya faɗi a kan siminti yakan ɓantare ko ya tsage, kuma ba a iya liƙe shi. Injinansa na kamfanonin ETA da A. Schild ne, masu sauƙin gyara, kayansu na samuwa. Gilashin mai gefe-gefe na wasu ƙirar ne yake wuyar samu.

Kuɗinsa a waje yawanci dala 150 zuwa 500, ban da tsohon Captain Cook na farkon shekarun 1960 wanda ba a yi da yawa ba. Jabunsa ba ta ƙirguwa. Ɗan ƙugiyar jirgin da ke saman fuska, tambarin Rado, yana juyawa a na asali mai inji, amma masu jabu sun daɗe da kwaikwayon wannan, don haka sai an buɗe murfi an ga injin. Wanda ya gaji Rado daga mahaifinsa ya wanke shi ya riƙe, ya cancanci hakan. Wanda ke neman riba ya nemi wata hanya.

Omega

A ganina nan ne kuɗi suka fi sayen abu mai kyau. Injinan Omega na shekarun 1960, masu launin tagulla, irin 552, 562 da 565 a Seamaster, da 551, 561 da 564 a Constellation, suna cikin mafi inganci da aka taɓa yi da yawa. Seamaster na farin ƙarfe mai fuska ta asali yakan zo tsakanin dala 600 da 1,500. Constellation, wanda ya fara a 1952, mai hoton ɗakin duban taurari da taurari takwas a murfin baya, yakan kai 1,500 zuwa 3,500, musamman mai fuska mai kusurwa goma sha biyu. Speedmaster wani aji ne daban. Ya fito a 1957, ya je duniyar wata a 1969, kuma ƙirar 145.022 mai inji 861 da ta fara a 1968 tana farawa daga wajen dala 5,000.

Lambar ƙira tana kan injin, lambar samfuri kuma a cikin murfin baya, saboda haka ba a sayen Omega sai an ga hoton cikinsa. Wasu Seamaster De Ville ba su da murfin baya sam, ta gaba ake fitar da injin bayan an cire gilashi da abin aiki na musamman. Mai gyaran da bai san haka ba yakan lalata jikin yana neman inda zai ɓalle.

Haɗarin Omega fuskar da aka sake wa fenti ce, kuma suna da yawa ƙwarai. Ka sa madubin ƙara girma ka duba: haruffa masu kauri ko masu rawa, layukan minti da ba su zauna daidai da sandunan awa ba, fenti da ya hau gefen tagar kwanan wata, ko rashin rubutun ƙasar ƙira a ƙasan ƙarfe shida. Fuskar da ta fi jikin agogon sabunta abin zargi ce. Masu ruwan zinare kuma sukan goge a kunnuwan da ke riƙe sarƙa, ba kamar masu rufin zinare mai kauri ba.

Kayan gyara sun yi tsada tun ƙarshen 2015, lokacin da rukunin Swatch, mai Omega da Rado, ya daina sayar da sassa ga dillalai masu zaman kansu. Wanki wurin ƙwararre a Turai ko Amurka yakan ci dala 300 zuwa 600. Ga misali na lissafi: ka saya a 900, ka wanke a 400, bayan shekara uku ka sayar a 1,300, dillali ko shafin sayarwa ya cire la'adarsa. Ka ɗaura agogo mai kyau shekara uku a kan kuɗi kaɗan, amma riba babu.

Ko manya ma ba su tsira daga haɗe-haɗe ba. A Nuwambar 2021 an yi gwanjon wani Speedmaster na 1957 a Jeneba a kan sama da faran miliyan uku na Suwizalan, kuma a 2023 kamfanin Omega da kansa ya bayyana cewa an harhaɗa shi ne daga sassan agoguna daban-daban.

Rolex

Rolex shi ne wanda ya fi kusa da tsabar kuɗi. Daga Dubai zuwa Landan zuwa Hong Kong akwai mai saye a kowace rana, kuma an san farashin kowace ƙira. Jikin Oyster, mai murfi da kan wani da ake ɗaurewa kamar noti, ya samo asali tun 1926, shi ya sa tsofaffinsa suka fi saura tsira daga ruwa da ƙura.

Ƙofar shiga ita ce Oysterdate 6694 da ake yi wa wani da hannu, ko Air-King 5500, a wajen dala 2,500 zuwa 4,000. Datejust 1601 da 1603 masu inji 1570 ko 1575 sukan kama 3,500 zuwa 5,500. Ba su da saurin canza kwanan wata, sai ka yi ta juya hannaye har su zagaya. Daga 1977 inji 3035 ya kawo wannan sauƙin a 16014 da 16030. Namijin da ke kauce wa ɗaura zinare ya lura: zoben da ke kewaye da gilashin 1601 da 16014 zinare ne ko da ya fito fari, 1603 da 16030 su ne ƙarfe zalla. Submariner 5513, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1989, yakan fara daga dala 10,000 ya haura, kuma ɗan bambancin rubutu a fuska kan ninka kuɗin.

Lambobinsa suna ɓoye tsakanin kunnuwa, sai an cire sarƙa: ta samfuri a gefen sha biyu, ta ƙira a gefen shida. A buɗe murfi a duba inda roba ke zama, domin nan zufa ke haƙa ramuka. A riƙe agogon a kwance a ga yadda sarƙa ke lanƙwasa, wadda ta saki sosai gyaranta ko canjinta kuɗi ne masu yawa. Sannan a yi hattara da gyaran da ke rage daraja: wurin gyara na kamfani ya saba canza tsohuwar fuska da hannaye da sabbi, ya goge jiki. Agogon zai yi kyau, amma wurin masu tarawa ya faɗi. A rubuta a takarda cewa kada a canza komai na waje, kada a goge.

Jabun Rolex ta kai matakin da ido kaɗai ba ya ganewa, kuma kwali da takardu ma ana buga su. Labarin Rolex Daytona na ɗan fim ɗin Amurka Paul Newman da aka sayar dala miliyan 17.8 a New York a Oktobar 2017 shi ne yake jawo mutane, amma wannan agogo ɗaya ne na mutum ɗaya. Abin da ya fi kusa da mai saye na yau shi ne abin da ya faru bayan Maris na 2022: farashin agogunan da aka fi rububi a kasuwar hannu ta biyu ya zube da kusan kashi ɗaya cikin uku a shekara biyu. Sababbin ƙira ne suka fi shan kashi, tsofaffi masu asali sun ɗan jure, amma su ma sun ji a jikinsu.

A taƙaice cikin jadawali

Farashin kimantawa ne a dala, yana motsi da yanayin kasuwa da lafiyar agogon.

| Agogo | Farashi | Wanki | Juriya | Kayan gyara | Sayarwa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Seiko 5 | 50–150 | 80–200 | Sosai | Da yawa | Da sauri, ba riba | Fuskar bugu |
| King Seiko, 6139 | 400–1,500 | 200–450 | Mai kyau | Wasu sun ƙare | Matsakaici | Sassan kwaikwayo |
| Rado DiaStar | 150–500 | 150–300 | Ba ya ƙarzuwa, yana fashewa | Na inji akwai | A hankali | Jabu |
| Omega Seamaster, Constellation | 600–3,500 | 300–600 | Mai kyau, ban da ruwa | Akwai, da tsada | Mai kyau | Sake fenti |
| Rolex Datejust | 3,500–6,000 | 500–1,000 | Mafi ƙarfi | Akwai, da tsada | Mafi sauri | Jabu, gurza |
| Rolex 5513, Speedmaster | 5,000–20,000 | 600–1,200 | Mai kyau | Na asali da wuya | Da sauri | Haɗe-haɗe |

Abin da ya shafi dukkansu

Kafin biya, a ɗora agogon a na'urar auna bugu. Injin Suwizalan mai lafiya, an cika masa wani, an kwantar da shi, lilon ɗan zoben da ke kai-komo a cikinsa yakan kai digiri 250 zuwa 300. Ƙasa da 200 alamar busasshen mai ce ko gajiyar sifirin. Tsofaffin Seiko sukan nuna ƙasa da na Suwizalan ko suna lafiya, kada wannan ya tsorata ka. Gudu ko latti na sakan 10 zuwa 20 a rana ba laifi ba ne ga mai shekara hamsin. Wanda ya fara gudun mintuna kwatsam galibi maganaɗisu ne ya kama siririn sifirinsa, daga lasifika ko murfin waya, kuma cire shi aikin minti ɗaya ne. Kada a canza kwanan wata da kan wani tsakanin tara na dare da uku na asuba, lokacin haƙoran suna haɗe, nan ake karya su.

Sinadarin da ke haske a duhu ma abin lura ne. Har farkon shekarun 1960 rediyam ake shafawa, wanda ƙarfinsa ke ɗaukar shekara 1,600 kafin ya ragu da rabi. Ba a buɗe irin wannan agogon a gida, ba a kuma kankare fuskarsa. Bayansa aka koma tiritiyam, mai alamar T a ƙasan fuska, har zuwa ƙarshen shekarun 1990. Shi rabinsa na tafiya a shekara goma sha biyu da 'yan watanni, saboda haka agogon 1970 mai alamar T da ke haske tar tsawon dare an taɓa shi.

Mai saye daga Najeriya ya yi lissafinsa da dala. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, a 2024 ta haura 1,500. Agogon da bai ƙara ko sisi ba a dala ya ninka uku a naira, wanda kariya ce daga faɗuwar kuɗi, amma dalar da aka ajiye ma ta yi hakan ba tare da kuɗin wanki ba. A ƙara kuɗin aike, inshora da kwastam, a kuma tuna manyan gidajen gwanjo suna ɗora wa mai saye kusan kashi 25 cikin ɗari a kan farashin da aka buga. Wanda ya saya da niyyar sayarwa ya tambayi malamai hukuncin zakkar kayan ciniki.

Wa ya dace da wanne

In kuɗinka ba su kai dala 300 ba, ko ba ka taɓa buɗe murfin agogo ka ga inji ba, fara da Seiko 5 ɗaya mai fuskar asali, ka gwada mai gyaran garinku da shi kafin ka ba shi abu mai tsada. Mai gyaran da ke fesa mai ba tare da ya warware inji ba, ko wanda ba shi da na'urar auna bugu, bai kamata ya taɓa Omega ko Rolex ba.

In burinka agogon fita na Juma'a da biki, mai tarihi da inji na gaske, kuma za ka haƙura da fita da kuɗinka kusan yadda ka sa su, Seamaster na farin ƙarfe mai 552 ko 565 shi ne zaɓi, King Seiko na biye da shi ga wanda bai damu da suna ba.

In ajiyar dukiya ce a gabanka kuma kana son ka iya mayar da ita kuɗi cikin mako, Datejust 1603 ko 16030 wanda ba a gurje ba, daga dillalin da ke karɓar kayansa in an samu matsala, ya fi tarin ƙananan agoguna goma. Ka sa ran riƙe shi aƙalla shekara biyar, da kuɗin da ba na cefane ko na jarin shago ba.

Submariner 5513 da tsohon Speedmaster na wanda ya shekara yana nazarin fuskoki da lambobi ne, ko yake da masanin da zai biya ya duba masa kafin ciniki. Rado kuwa na mai sha'awa ne da mai gado: a saye shi da araha, a buɗe a ga injin, a ɗaura shi nesa da siminti.